Croydon, zangon kudancin Landan

Duk wanda ya sauka a filin jirgin sama na Gatwick ya hau jirgin ƙasa zuwa tsakiyar Landan, ta Croydon zai bi. Yawanci ba sa sauka, ta taga kawai suke hango dogayen benayenta. Wannan kuwa shi ne tarihin wurin: tun asali zango ne a kan hanyar Landan zuwa bakin teku na Brighton, kuma arzikinsa daga masu wucewa yake zuwa.

Ƙaramar hukumar Croydon ta samu siffarta ta yanzu a 1965, lokacin da aka haɗe tsohon garin Croydon da Coulsdon da Purley. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanenta sun kai kimanin 390,000. Arewacinta cunkushe yake da gidaje manne da juna, kudu kuwa tuddan alli ne da dazuzzuka da gidajen masu hali. Kasuwar Surrey Street tana ci tun 1276, har gobe kayan miya ake sayarwa a cikinta.

Wajen sufuri ne dai Croydon ta yi fice. A 1803 aka shimfiɗa mata dogo daga Wandsworth, amma dawakai ne ke jan taragun kaya. A 1809 aka haƙa mata hanyar ruwa, ciniki bai yi ba, aka rufe a 1836, sannan aka ɗora dogon jirgin ƙasa a kan gurbinta a 1839. Tashar West Croydon ma a kan tsohuwar matsayar kwale-kwalen take zaune. Daga 1920 kuma a Croydon babban filin jirgin saman Landan yake. Daga nan matuƙiyar jirgin sama Amy Johnson ta tashi ita kaɗai zuwa Ostireliya a 1930, nan ne kuma gidan kamfanin Imperial Airways, wanda ya miƙa hanyarsa daga Khartum zuwa Kano a 1936. Gidaje suka kewaye filin, ya rasa wurin faɗaɗawa, filin jirgin sama na Heathrow ya ƙwace masa kasuwa, aka rufe shi a 1959.

Abin mamaki, har yau jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan bai kai Croydon ba. Taragun lantarki masu bin titi, da aka buɗe a 2000, su ke cike giɓin. Duk wannan zirga-zirga ba ta cika wa hukumar asusu ba: a 2020 ta fito fili ta ce kuɗinta ba za su iya ɗaukar hidimominta ba.