Yadda shekaru ke shigar da mutum aikata laifi, da yadda suke fitar da shi

Duk wanda ya taɓa zama a zauren kotun majistare a Zuru, ko ya leƙa ofishin 'yan sanda da safe, zai lura da cewa mafi yawan waɗanda ake kawowa kan sata, faɗa ko shaye-shaye samari ne. Da wuya a ga mai furfura a cikinsu. Masana halayyar masu laifi sun daɗe da sanin haka. Tun a 1831 wani masanin ƙididdiga ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya nuna cewa aikata laifi na hauhawa a lokacin samartaka, sannan ya yi ta sauka yayin da mutum ke manyanta.

Abin tambaya shi ne: me ya sa mafi yawa suke dainawa, wasu kuma suke tsufa a ciki?

A 1993 Terrie Moffitt, wadda ta yi aiki da binciken da ke bibiyar yara 1,037 da aka haifa a Dunedin ta ƙasar Niyu Zilan tsakanin 1972 da 1973, ta raba masu laifi gida biyu. Kaso mafi girma su ne waɗanda ke fara rashin ji bayan balaga, saboda biye wa abokai da ɗokin a ɗauke su manya, kuma sukan bari da kansu. Kaso na biyu 'yan kaɗan ne, amma matsalarsu kan bayyana tun suna ƙanana: taurin kai, duka, kasa zama a makaranta, a gidan da babu kulawa. Ta kuma yi gargaɗi cewa akwai tarkon da kan riƙe yaron kaso na farko har ya kasa fita: kamuwa da ƙwaya, barin karatu da zaman gidan yari.

Binciken da ya fi shafar ƙasar Zuru, a ganina, shi ne na Robert Sampson da John Laub. Sun tono bayanan yara 500 masu laifi na birnin Boston a Amurka, waɗanda Sheldon da Eleanor Glueck suka fara nazarinsu kafin 1950, suka bi sawun rayuwarsu har zuwa shekara 70. Sun gano cewa abubuwa uku ne suka fi juya akalar mutum: aure mai ɗorewa, sana'a tsayayya da aikin soja. Kowannensu yana raba saurayi da tsofaffin abokai, ya cika masa yini da aiki, ya kuma ba shi abin da yake tsoron rasawa.

Dakarkari ba su jira masanan Boston ba. A al'adar golmo, saurayi kan shiga ƙungiyar sa'o'insa ya yi wa surukinsa noma har kimanin shekara bakwai kafin a ba shi mata. Wato daidai shekarun da jini ke tafasa, yana gona a gaban idon dattawa, da sanin cewa abin kunya ɗaya na iya raba shi da wadda yake wa wahala. Wanda bai tsaya gona ba kuwa, sau da yawa kaki yake sawa. Ba a banza ake kiran Zuru garin sojoji ba.

Waɗannan hanyoyi ne rashin tsaro ke toshewa. A ƙananan hukumomin Danko/Wasagu, Sakaba da Fakai, hare-haren 'yan bindiga sun kori ƙauyuka da dama daga gonakinsu. A watan Maris na 2022 an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a kwanton ɓauna ɗaya a yankin Sakaba. Saurayin da ya tsere zuwa gari ya rasa gona, ya rasa abin aure, ya rasa dattijon da zai tsawata masa. A can daji kuma, yaron da aka sace shanun ubansa, aka miƙa masa bindiga yana ɗan shekara goma sha, yana girma ne ba tare da wata ƙofar fita ba, domin gaba da tsoron ramuwa kan hana shi komawa cikin jama'a ko da ya gaji.

Tarkon ƙwaya ma ba ƙarami ba ne. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya kan Miyagun Ƙwayoyi da Laifuka ya yi da gwamnatin tarayya a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken.

Saura gidan yari. Dokar gyaran hali ta 2019 ta ba alƙalai damar yanke hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki, kuma a kan yaron da ya yi laifin farko ne wannan dama ta fi amfani. Gidajen horar da kangararrun matasa na gwamnatin tarayya da aka daɗe da sani uku ne: Kaduna, Ilori da Abekuta. Mafi kusa da Zuru shi ne na Kakuri a Kaduna, tafiyar sa'o'i da dama a kan hanyar da ita kanta ba ta da tabbas.