Tankin Ruwa a Saman Gida: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

Tsayi ajiya ne

A unguwannin Nima da Maamobi, duk gidan da ya samu hali sai ya ɗora tankin Polytank a kan ƙarafa ko a saman bene. Wutar da inji ya ci wajen tura ruwan sama ba ta tafi a banza ba, tana nan a ajiye a matsayin tsayi. Ko ta bututu ruwan ya hau, ko yaro ne ya hau tsani da jarkar da ake kira galan ɗin Kufuor, ajiyar ɗaya ce: tazara daga ƙasa kawai ake ƙirgawa.

Shi ya sa faɗin tanki ba ya ƙara wa famfo ƙarfi. Ƙaramin tanki a saman bene ya fi ƙato da ke zaune a tsakar gida ba famfo ƙarfi.

Tsayi, matsi, gudu

A 1738 Daniel Bernoulli, masani daga Suwizalan, ya nuna cewa ƙarfin ruwa mai tafiya kashi uku ne: tsayi, matsi da gudu. In ɗaya ya ragu, wani ne ya karɓa. Mai wankin mota da ya danne bakin tiyo da babban yatsa bai ƙirƙiro ƙarfi ba, matsin da ke ciki ne ya koma gudu.

Ruwan da ke tsayin mita 5 zai iya fitowa da gudun kusan mita 10 a daƙiƙa. Amma in kana son ninkin wannan gudun, sai mita 20.

To ina sauran ya shiga?

Wancan lissafi na takarda ne, a zahiri ruwan ba ya kai wannan gudun. Ruwan da ke zuwa daga matatun Kpong da Weija na gogar bututu tun daga can, kuma kowace kwana da kowane siririn bututu a lungu na cin rabonsa, ya mayar da shi ɗan zafin da hannu ba ya ji. Gidan ƙarshen layi ke biyan wannan. A ganina, kafin ka sayi sabon tanki, ce wa mai gyaran famfo ya sa bututu mai faɗi, ya rage kwana-kwana.

A cikin kwata

Da damina, kwatar Nima na kwarara zuwa kogin Odaw da gudu. In shara ta tare ta, gudun ya koma tsayi, ruwa ya tumbatsa, ya faɗa gidajen da ke bakinta.