Ɗakin Tsoho Bayan Watsewar Ƙauye: Nazari Kan Matsugunin Dattawa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A ƙauyukan kudancin Katsina, a da tsufa ba ya sa mutum neman wurin kwana. Dattijo na da turakarsa kusa da zaure, tsohuwa na da ɗakinta da 'yar tukunyarta da akuyoyinta. 'Ya'ya su noma gandu, a cika rumbu, a riƙa ɗiba ana kai musu. Zaman kansu suke yi, amma ko tari suka yi da dare akwai mai ji. Wannan tsari shi ne tallafin gidan da talakan karkara ya dogara da shi, kuma a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa yana rushewa. Yau ana ganin dattawa a ɗakunan haya, da zaurukan dangi, da kangayen da masu su ba su gama ginawa ba, a Funtuwa da Malumfashi da birnin Katsina.

Babban dalili shi ne rashin tsaro. A watan Yunin 2020 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a Kadisau ta Faskari, a shekarar ne kuma makarantar firamare a garin Faskari ta cika da 'yan gudun hijira. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. A Yunin 2024 aka yi wa 'Yargoje ta Ƙanƙara mummunan kisa. Duk harin da aka kai, ƙauyukan da ke kewaye sukan watse. Inda ba a kashe ba kuma, kuɗin fansa na cinye gona da shanu, wato jarin da tsoho ya tara don ranar gajiyarsa.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa 'yan bindiga komai. Gandu ya daɗe yana rauni. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna cewa gandu ya fi ƙarko a gidajen masu wadatar gona, ɗan talaka kuwa yakan fita neman na kansa da wuri. Tun daga lokacin ake ta raba gonaki gado bayan gado har suka ƙanƙance, cin rani ya koma zaman dindindin a Abuja da Legas. Rikicin ya tarar da bango ya riga ya tsage. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da tashin farashin siminti suka ƙara toshe hanya: ɗan da ke son ƙara wa mahaifiyarsa ɗaki a cikin gari, sau da yawa son ne kawai yake da shi.

Dattawan sun kasu biyu, kowane kashi da irin wahalarsa. Akwai waɗanda suka ƙi tashi, suna cewa ba za su bar kushewar iyayensu ba, ko kuma ƙafa ce ba ta iya gudu. Su ne ke zaune a ƙauyen da babu mai sayar da magani, babu saurayin da zai ɗebo ruwa ko ya yi yaɓe. Akwai kuma waɗanda suka bi 'ya'ya zuwa gari, kuma a ganina asararsu ce aka fi rainawa. Mutumin da ya shekara arba'in ana sallama a ƙofar gidansa, yau yana kwana a zauren surukinsa, sai an kwashe tabarmar baƙi kafin ya shimfiɗa tasa. Tsohuwa na cunkushe ɗaki guda da matar ɗanta da jikoki, ba ta da wurin ajiye ko ƙwaryarta. Daga nan ƙananan saɓani ke tasowa, har tsohon ya fara jin ya zama kaya. Mafi tsanani shi ne halin gwauraye mata da aka kashe musu 'ya'ya aka bar musu marayu: a shekarun da ya kamata a ciyar da su, su ne ke neman kuɗin haya, kuma nan ne bara ke shigowa gidan da bai taɓa saninta ba.

Shirye-shiryen gwamnati kuwa an yanka su ne ba da awon waɗannan mutane ba. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 ya ginu ne kan cire kashi 2.5 cikin ɗari daga albashi, manomin da ya haura saba'in kuwa bai taɓa karɓar albashi ba. Rukunin gidaje 250 da ma'aikatar gidaje ta tarayya, ƙarƙashin Ahmed Musa Dangiwa, ta ƙaddamar a Katsina a 2024 na sayarwa ne, a kan miliyoyin naira. Shirin Pulaku na sake tsugunar da waɗanda rikici ya shafa ya haɗa da Katsina, amma al'umma gaba ɗaya yake kallo, kuma a rabo irin wannan mai ƙarfin bin layi da mai sanin wani su ke fara samu. Akwai cibiyar kula da dattawa ta ƙasa da ta fara aiki a 2021, sai dai tsakanin ofishinta na Abuja da Dungun Mu'azu ta Sabuwa akwai tafiya mai nisa. Gidan gajiyayyu kuma, a idon Bahaushe, shaida ce ta cewa mutum ba shi da kowa, shi ya sa tsohon ke gudunsa, 'ya'yansa ma haka.

A Amurka, tun 1959 gwamnati ke tallafa wa ƙungiyoyi su gina wa dattawa masu ƙaramin ƙarfi gidaje, mai zama ya biya kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da yake samu. Abin ɗauka a nan shi ne, ba mallakar gida ake sayar wa tsoho ba, wurin zama ake ba shi daidai ƙarfinsa har ƙarshen ransa. Mu ma muna da hanyar da ta yi daidai da wannan, wato waƙafi. Ƙaramar hukuma ta ba da fili a cikin unguwa kusa da masallaci da asibiti, masu hali da hukumar zakka su gina ɗakuna da jar ƙasa da kwano, liman da mai unguwa su tantance mabuƙata, ɗakin ya zama na waƙafi, ba a gadonsa. Mafi sauƙi ma, a ba iyalin da ke da 'yar haraba kayan aiki su ƙara wa tsohonsu ɗaki mai ƙofarsa.

Wasu za su ce wannan zai koya wa 'ya'ya sauke nauyin iyaye. Damuwar tana da tushe, shi ya sa na fifita ɗakin da ke cikin gidan iyali, a bar na waƙafi ga waɗanda aka kashe wa masu kula da su. Wasu kuma za su ce gina ɗakuna a gari tamkar sallama ƙauye ne ga 'yan bindiga. Amma ko a wuraren da aka yi zaman sulhu a 2025 mutane suka fara komawa, matsalar na nan tana jira. Ginin ƙasa da ya sha damina biyu ko uku ba yaɓe faɗuwa yake yi. Saurayi zai kwaɓa ƙasa ya tayar da nasa cikin rani ɗaya, tsohuwar da ba ta da ɗa kuwa ba za ta iya ba. Duk tallafin komawa gida da za a raba a waɗannan ƙananan hukumomi uku, ya kamata a ware kason dattawa daban, a rubuta sunayensu unguwa-unguwa, a kai musu azara da kwano da ƙofa da kuɗin magini kafin ruwan farko ya sauka.