Neman Sunan Hausa ga Ƙarfe Mai Gudana

Wannan maƙala tana duba sunan da ya dace da gaurayen ƙarfen galiyam, wanda aka gano a Faransa a 1875. Galiyam yakan narke a kusan digiri 30, wato zafin bazarar garin Lafiya ya ishe shi. Idan aka haɗa shi da indiyam da kuza, irin wadda ake haƙowa a Jihar Nasarawa, sai ya zauna ruwa-ruwa. Da shi ake buga layukan lantarki bisa roba, a ja su ba su tsinke ba.

"Narkakken ƙarfe" yana nuni ga wutar maƙera. "Zaiba" kuwa guba ce, alhali na'urorin nan a fatar mutum ake manna su. Saboda haka "ƙarfe mai gudana" ya fi dacewa.