3.3 Sake Rubuta Labarin Fim da Tace Shi Bayan Daftarin Farko

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda marubuci kan samo labari ya zuba shi a takarda. A wannan sashe kuwa za a duba matakin da ke biye, wato sake rubuta labarin da tace shi kafin a kai shi gaban kyamara. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai a fim ɗin Hausa. Dalili kuwa shi ne, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990, yawancin masu harkar sun fito ne daga wasan daɓe da na talabijin, inda akan faɗa wa ɗan wasa jigon fitowa kawai, shi kuma ya ƙirƙiri maganarsa nan take. Wannan ya sa aka gaji dogayen hirarraki da yawan maimaici.

Sai dai sake rubutu ba baƙon abu ba ne a adabin Hausa. Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito a 1934, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo a 1975, sannan Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. A kowane mataki sai da aka mayar da abin da Shaihu ya faɗa da baki ya koma abin da ido zai gani.

3.3.1 Misali Daga Yankin Kura

Domin fito da wannan batu fili, mai wannan bincike ya nazarci daftari biyu na labari ɗaya da wata ƙungiyar matasa masu wasan kwaikwayo a Kura ta rubuta. Labarin wani manomin rani ne da gonarsa take a ƙarshen kanal. Ya ci bashi ya dasa tumatir da niyyar aurar da 'yarsa, sai maƙwabcinsa na gaba ya riƙa tare ruwa da dare. An lura da gyare-gyare iri huɗu kamar haka:

(a) Rage bayani. A daftarin farko manomin ya cinye shafi uku yana yi wa matarsa bayanin yadda ruwa ke tasowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya ratso Bunkure da Kura, da yadda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya kan ɗauki kimanin minti ɗaya, ke nan minti uku mai kallo zai yi yana sauraron abin da matar ta riga ta sani. A daftari na biyu an bar layi biyu kacal: manomin ya tsuguna da asuba, ya sa hannu cikin kanal, ya ɗago busasshiyar ƙasa.

(b) Haɗe taurari. Da farko manomin yana da abokai uku, kuma dukansu haƙuri suke ba shi. An mayar da su mutum ɗaya. Ban da ƙarfafa labari, wannan ya rage kuɗi, domin kowane ɗan wasa da aka ɗauko daga Kano sai an biya masa mota da abinci da sallama.

(c) Tsayawa kan jigo ɗaya da daidaita shi da yanayin wuri. Marubutan sun tara wa manomin masifu uku: rikicin ruwa, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon wadda ta cinye tumatir a 2016, da kuma faɗuwar farashi a kasuwar Kwanar Gafan. Duk ukun gaskiya ne a rayuwar manomin yankin, amma da suka haɗu sai maƙwabcin ya ɓace daga tsakiyar labarin. Saboda haka aka bar rikicin ruwa shi kaɗai. Haka kuma an cire wata fitowa da aka nuna ana tsinkar tumatir ana ruwan sama. Duk ɗan yankin ya san shinkafa ce ke cika gonakin da damina, tumatir kuwa sai lokacin sanyi, kuma kuskure irin wannan kan sa mai kallo ya daina yarda da sauran labarin.

(d) Gyaran harshe. Da aka karanta hirarrakin a bayyane, sai aka ji manomin yana magana kamar malamin makaranta, matarsa kuma tana kiran sunansa kai tsaye. An mayar da shi "Malam" a bakinta, aka kuma gajarta jimlolinsa.

3.3.2 Iyakar Tacewa

Duk da haka, tacewa tana da iyaka. Akwai fitowar da matar ta ja akuyarta zuwa kasuwa ba tare da ta ce uffan ba. Wasu 'yan ƙungiyar sun so a cire ta tunda babu magana a ciki, amma aka bar ta, domin ita ce ta nuna nauyin bashin a cikin gida. Ma'aunin da ya kamata marubuci ya riƙe shi ne ya tambayi kansa: idan aka cire wannan fitowa, me mai kallo zai rasa? In babu, sai a cire ta, komai daɗinta.

A taƙaice, wannan misali ya nuna cewa gyaran da aka yi a takarda ya fi sauƙi da araha a kan wanda za a yi bayan an kafa kyamara a bakin gona. Sashe na gaba zai duba yadda darakta kan karɓi wannan tataccen rubutu ya rarraba shi zuwa ranakun ɗauka.