Dashen Sabon Inji a Tsohuwar Land Rover: Darasi Daga Jikin Ɗan Adam

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkarar ƙasar Kano ya san motar nan mai suna Land Rover. Da ita malaman gona da na asibiti suka riƙa ratsa rairayi da taɓo, tun zamanin da kwalta ba ta wuce manyan hanyoyi ba. A Ingila aka ƙera ta, aka fara nuna ta ga jama'a a birnin Amsadam a 1948, daga baya kuma aka riƙa harhaɗa ta a masana'antar Leyland da ke Ibadan. Da yake gangar jikinta ta alminiyam ce, ba ta yin tsatsa, saboda haka sau da yawa inji kan mutu ya bar jiki da sauran ƙarfinsa.

To, a ɗauki misalin manomi a Lajawa da ya gaji irin wannan mota, yana kai buhunan hatsi kasuwar Wudil ranar Juma'a. Injin ya fara hayaƙi, yana shan baƙin mai, ga shi tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kowace lita da ciwo ake sayenta. Shawarar da zai fi ji ita ce ya je Ƙofar Ruwa a Kano ya nemo inji na zamani a ɗora masa. Shawarar ba ta da laifi, amma aikin ya wuce kwance noti da ɗaure noti. Domin mai karatu ya gane dalili, za mu waiwayi jikin ɗan Adam.

Darasin dashen zuciya

A ranar 3 ga Disamba, 1967, likita Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko daga mutum zuwa mutum a asibitin Groote Schuur da ke Afirka ta Kudu. Zuciyar ta buga, amma majinyacin ya rasu bayan kwana 18. Dalili shi ne magungunan da aka ba shi don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar zuciyar sun raunana garkuwarsa, sai ciwon huhu ya kama shi. Watau tiyata ta yi kyau, amma sauran jiki bai ɗauki nauyin canjin ba. Shi ya sa likitoci ba sa ɗaukar zuciya don kawai tana da ƙarfi. Sai sun duba rukunin jini da girman jikin mai bayarwa da na mai karɓa.

Mota ba ta da garkuwar jiki, amma ita ma takan ƙi baƙon inji, ta hanyoyi huɗu da za mu duba ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: ƙarfin murɗawa

Samfurin Land Rover na uku, wanda aka yi daga 1971 zuwa 1985, yawanci yana ɗauke da injin fetur mai lita 2.25, mai ƙarfin doki kimanin 70. Injin da masu gyaran irin waɗannan motoci suka fi sha'awar dasawa shi ne na gas mai suna 200Tdi, wanda kamfanin ya fitar a 1989, mai lita 2.5 da ƙarfin doki 111. Ƙarfinsa na murɗa ƙarfe ya ɗara na tsohon da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Wannan ƙarfi ba a cikin inji yake tsayawa ba. Sai ya bi ta kuloci, ya shiga akwatin giya, ya ratsa farfela, sannan ya isa sandunan da ke juya tayoyi. Dukkan waɗannan an auna su ne da ƙarfin tsohon inji. Kamar yadda hawan jini ke fasa jijiyar da ta fi rauni, haka ƙarin ƙarfi ke neman ƙarfen da ya fi gajiya. A ƙananan samfuran wannan mota, sandunan tayoyin baya sun yi suna wajen karyewa, musamman idan direba ya saki kuloci da gaggawa alhali mota na cike da kaya a cikin yashi.

Na biyu: zafi

Tsokar mutum ba ta mayar da fiye da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kuzarin abinci zuwa motsi. Sauran zafi yake zama. Jini ne ke kwaso zafin zuwa fata, gumi ya tafi da shi, jiki ya tsaya a kan digiri 37. Injin fetur ma kusan haka yake: abin da ya kai ga tayoyi bai cika kashi ɗaya cikin uku na kuzarin mai ba, sauran ya fita ta salansa da lagireto. Ruwan inji shi ne jininsa, lagireto kuwa fatarsa.

Injin gas ya fi na fetur tattali, amma idan ana tatsar ƙarfi mai yawa daga gare shi, zafin da yake fitarwa ba kaɗan ba ne. Bugu da ƙari, yana da turbo, wata farfela da hayaƙin salansa ke juyawa don cusa iska cikin silinda. Iska kuwa idan an matse ta zafi take yi, don haka sai an tanadar mata nata abin sanyayawa a gaban mota. A ƙasarmu, inda zafin watan Afrilu kan kai digiri 40, ƙurar hunturu da ƙaiƙayin kaka kuma suna toshe ƙofofin lagireto, tsohon lagireton da ya shekara arba'in yana iya barin sabon inji ya tafasa kafin a kai gadar Wudil.

Na uku: jijiyoyin saƙo

Yayin dashen zuciya ana yanke jijiyoyin da ke kawo mata saƙo daga ƙwaƙwalwa. Saboda haka idan mai ita ya tashi da gudu, ba ta ƙara bugu nan take, sai sinadaran jini sun iso gare ta. Haka injinan zamani suke. Tun daga samfurin Td5 na 1998, wata ƙaramar kwamfuta ce ke auna man da ke shiga injin gas na Land Rover, tana karɓar saƙo ta wayoyi masu yawa. Idan an ɗauko inji aka baro kwamfutar da wayoyinta, ba zai ko tashi ba. Wannan ne ya sa 200Tdi, wanda famfon mansa na ƙarfe ne zalla, ya fi dacewa da garejin ƙauye.

Na huɗu: birki

Nan ne rayuka suke. Tsohuwar Land Rover birkin ganga gare ta a tayoyi huɗu, an kuma yi ta ne don tafiyar sannu a hanyar burji. Masu dasa inji kan canza haƙoran giya don mota ta ƙara gudu a kwalta. Ilimin kimiyya ya nuna cewa kuzarin abu mai tafiya yana ƙaruwa ne da gudunsa sau gudunsa. Alal misali, motar da ta tashi daga gudun kilomita 60 a awa zuwa 90, gudunta ya ƙaru da rabi kawai, amma kuzarin da birki zai kashe ya ninka sau 2.25. Idan ta kai 120, ya ninka sau huɗu. Duk wannan kuzari zafi yake komawa a cikin gangar birki, ganga kuwa idan ta yi zafi ƙwarai ba ta kamawa. A ƙara da nauyin buhuna, a kuma tuna da shanu da masu babur da ke cika hanyar Kano zuwa Wudil ranar kasuwa.

Har wa yau, a motocin da ke da na'urar taimaka wa ƙafar direba wajen taka birki, tsotson iskar injin fetur ne ke aiki da ita. Injin gas ba ya samar da wannan tsotso da kansa, sai da wani ɗan famfo na musamman. Idan makaniki ya manta bai haɗa shi ba, birki zai yi tauri kamar dutse.

Kammalawa

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inji gaɓa ɗaya ce a cikin jiki, kuma ƙarfinta ba ya amfani sai sauran gaɓoɓi sun iya ɗaukarsa. Saboda haka wanda zai yi wannan aiki ya kasa kuɗinsa tun farko: birki da tayoyi su zo a gaba, sai lagireto, sai kuloci da sanduna, sannan inji. Ya tabbata an yi waldar mazaunin inji a kan shasi mai lafiya, ya kuma kai takardun mota ofishin lasisi a sauya lambar inji.

Ga ɗalibai kuma, ga aikin gida: idan mota mai gudun kilomita 50 a awa tana bukatar mita 15 kafin ta tsaya bayan an taka birki, mita nawa za ta bukata idan tana gudun 100? Malamai na iya auna nisan biyu a filin makaranta, su tsayar da ɗalibai a kai, domin kowa ya ga bambancin da idonsa.