IN MOTA TA ƘI TASHI, A DUBA KAPTAR

Hirarmu ta yau a kan mota take.

A tsofaffin motoci irin Peugeot 404, delko ne ke raba wuta ga buji. A motocin yanzu, wata ƙaramar kwamfuta ce ke tsara wannan aiki. Makanikai suna ce mata kalkilater. Amma ita ba ta ganin inji. Wani ɗan abu ne mai tsawon yatsa ke kai mata labari. Sunansa kaptar.

Yaya yake aiki? Akwai wani faifan ƙarfe mai haƙora da ke juyawa tare da inji. A motoci da yawa haƙoran 58 ne, da giɓin haƙora 2. Kaptar yana dab da su, tazarar kamar milimita 1. Da wucewar haƙoran kalkilater ke sanin saurin inji. Da giɓin take sanin inda fistan yake. Sannan ta saki esans, ta ba buji wuta. In labari bai zo ba, yawancin motoci ba su tashi.

Ga alamomin lalacewarsa:

1. Demare yana juya inji da ƙarfi, amma mota ba ta kama ba.
2. Mota ta mutu in ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce.
3. Allurar saurin inji ba ta motsi lokacin da ake tayarwa.
4. Fitilar inji ta kunna a tablo.

Me za a yi? A kashe kontak tukuna. A bi wayar kaptar da ido: zafi yana ƙona ta, ɓera yana cin ta. A cire fulogin, a duba ko mai ko ƙura sun shiga. A kwance kaptar, a goge bakinsa, don akwai maganaɗisu a ciki mai jawo garin ƙarfe.

In ba a dace ba, a je garejin da ke da na'urar bincike. Tun 2001 aka tilasta sa wa sababbin motocin esans na Turai wurin jona ta. Lamba P0335 tana nuna hanyar kaptar ce ke da matsala. Ku lura: laifin yana iya zama na waya, ba na kaptar ba.

Direbobi, kada ku sayi batir, buji da famfon esans a kan zato. Kuɗi ne za su tafi, ciwo yana nan. Kuma motar da ta fara mutuwa da zafi, kada a ɗauki fasinja a shiga doguwar hanya da ita, kamar ta Tahoua zuwa Agadez. A gyara ta a gari tukuna.

Wanda ya karanta, ya karanta wa ɗan'uwansa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.